Igiyar Iya Marka

Ba ta san shekarunta ba.
In an tambaya sai ta ce,
"Ku tambayi tsamiyar bakin rijiya,
na girme ta da damina biyu."
Ana tsakiyar ruwa aka haife ta, sunan ya bi ta,
a wani ƙauye gabas da Jahun
da ambaliya ta ci sau uku,
sau ukun tana komawa ta kwaɓa ƙasa.

Warin daddawa ne sallamar gidanmu.
Tun daga lungu baƙo ke sanin ya iso.
Kalwa na kwance a rufe, kwana uku,
ita tana kewaya ta kamar mai jego,
ta ɗaga ganye, ta shinshina, ta mayar.
Da wannan warin aka yi wa ɗaki kwano,
da shi aka biya kuɗin jarrabawata,
sulalla daga ƙullin bakin zane
da sauran ɗumin jikinta a kansu.

"Mijin banza," haka take tarbata,
"ka zo hannu rabbana, ina cefane?"
In ajiye goro, ta juya shi, ta kushe,
sannan ta jawo gwangwanin da ta huhhuda da ƙusa
ta goga shi ya zama gari,
don haƙoran sun riga ta tafiya.

Goma sha ɗaya ta haifa.
Ƙasa ta karɓi bakwai tana kallo.
Babana ne na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba.
"Yaron nan," take cewa,
har furfura ta cika wa yaron nan gemu.
Ran da aka ɗauke shi a makara
ba ta yi kuka ba.
Ta dafa ƙyauren ɗakinta,
ta ce, "Haladu,"
sau ɗaya, a hankali,
kamar mai ɗanɗana gishirin miya.
Sai ta nemi buta.

Da na kai mata waya, ta riƙe ta nesa da kunne
tana ɗaga murya,
wai Kano da nisa, dole a yi ihu.
Ba ta tambayar lafiya sai ta tambayi abin da aka ci.

A ƙarshe idon ya tafi, ƙafa ta ƙi,
amma hannu bai manta ba:
a kwance take tsince tsakuwa daga wake,
ta gane jika da tafin hannunsa,
ta gane hadari kafin kaji su gane.

Alhamis ce, bayan asuba.
Uwale ta kai kunu, ta tarar carbi ya tsaya.

Bayan sadakar uku muka buɗe adudunta.
Likkafanin da ta saya tun shekara ashirin
ya riga ya bi ta.
Saura kwabo mai huji, da tozali,
da wata igiyar rama, baƙa ƙirin don taɓawa,
ƙulli bayan ƙulli.
Goggo Ladingo ta ce, "Ku ne.
Duk haihuwa sai ta ƙara ɗaya,
da dare ta bi ku da yatsa tana addu'a."

Muka ƙirga, sittin da takwas.
Har da waɗanda ba su kai suna ba.
Ban san wanne ne ni ba,
na dai shafa su duka.

Can a ƙarshe akwai ɗaya sako-sako,
an fara, ba a ja ba.
Matata ta sunkuyar da kai.
Wata biyu ne kacal,
ko uwarta ba ta sani ba.

Iya, igiyar tana wurina.
In Allah ya sauke ta lafiya
zan ja ƙullin da hannuna,
in mace ce kin san sunanta.

Allah ya sa kabarinki ya fi ɗakinki sanyi,
ya yalwata miki kamar fadama bayan ruwa.
Tsamiyar tana nan, ta yi 'ya'ya bana.
Ba mai tambayarta komai.